Rage Tumbi a Shekarar Bado

Bazarar bana ta zo da zafin da na daɗe ban ji irinsa ba. Hadari sai ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, a koma ana fifita. A cikin wannan zafin ne 'yata Hajara ta zo mana hutu daga Dutse da sabuwar ɗabi'a, wai rage ƙiba take yi. Akwai wani abu a wayarta da yake ƙirga mata takun da ta yi a yini, kuma duk lomar da za ta kai baki sai ta fara neman izininsa. Ban hana ta ba, jikinta ne. Amma shekaranjiya da na ga ta ci cokali biyar na shinkafa ta nufi kwandon shara da sauran, ban san lokacin da na daka mata tsawar da ta watsa jikokina ba. Mace mai 'ya'ya uku, na yi mata faɗa kamar yarinyar da ta fasa tulu. Ta tsaya tana kallona, uwarta ma tana kallona, don sun san ni da faɗa amma ba irin wannan ba. Na kasa gaya musu cewa ba da ita nake ba. Da wani saurayi mai tumbi nake, wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a Malam Madori wajen shekara hamsin da suka wuce, da farin takalmin kambas a cikin akwatinsa.

Ni ne saurayin nan, Habu. A lokacin ina aikin akawu a wani kamfanin sayen gyaɗa a Kano, shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, kowane ɗan boko yana ji kamar shi ya haƙa rijiyar. Aikina zama ne a kujera daga safe zuwa la'asar. Da safe shayi da madara da burodi, da rana tuwo malmala uku, da yamma tsire. Ban yi aure ba, ba mai ce mini ya isa haka. Cikin shekara biyu maɓallan rigunana suka fara tsinkewa, har wata rana leburorin sito suka lallaɓe ni na hau sikelin gyaɗa, suka laƙaba mini Buhu-da-Rabi. Ina dariya ina jin daɗi, don a wurinmu ƙiba alamar hutu ce. Sai da na fara ganin jiri a matakalar ofis aka kai ni wurin likitan kamfanin, wani tsamurarren Ba'indiye. Ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya girgiza kai, ya ce jinina ya hau, kuma in ban sauke nauyin nan ba, shi zai kayar da ni.

A bakinsa na fara jin kalmar kalori. Ya ce kowane abinci da ƙarfin da yake ɗauke da shi, ni kuwa ina zuba wa jikina na mutum biyu. Ya rubuta dubu ɗaya da ɗari biyar a takarda, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya ce kada in wuce haka a yini. Na ce masa ban san yadda ake ƙirga wannan a jikin tuwo ba. Sai ya dunƙule hannunsa ya nuna mini: tuwo kamar haka, sau biyu a rana, ban da man shanu, ban da sukari, sannan tafiyar sa'a guda kullum da sassafe, da sauri har in yi gumi. Na fito a tsorace. Na sayi kambas da gajeren wando, na ɗauki hutuna na wata guda, na ce ƙauye zan je in yi, can babu mai tsiren da zai kira sunana.

Ƙauyenmu yana bakin fadama, gabas da Haɗeja, a hanyar Kirikasamma. Kogi ne yake ci da mu. Da ruwan farko ake watsa shinkafa a busasshiyar fadama ta tsiro, a tsakiyar damina kogi ya cika ya malalo ya same ta, in ya janye a girbe, a kama kifi a guraben da ya bari. To, shekara biyu a jere kogin bai fito ba. Na ji ana maganar fari a rediyo, amma duk wasiƙar da yayana Sale ya sa aka rubuto mini, muna lafiya ne, sai godiyar Allah. Daga tashar jirgi na wuce Haɗeja, a motar da ta ɗauko mu daga can na ga mushen shanu a gefen hanya, fata ta manne da ƙashi, ungulu ma sun ƙoshi sun koma kan bishiya. Na sa hankici na toshe hanci. Tsarabar da na riƙo kuwa ita ce rediyo, da agogon hannu, da atamfa turmi biyu, da sabulu mai ƙamshi. Ko tiya ɗaya ta hatsi babu a ciki.

Mahaifinmu ya rasu tun ina makaranta, gidan yana hannun Yaya Sale, da matarsa Larai, da 'ya'yansu uku, da mahaifiyarmu, Inna. A ɗakin Inna, bayan gado, akwai wata randa da ake liƙe bakinta da laka. Irin shinkafarmu ne a ciki, ja, tun na kakanmu. Mai-wuya muke ce mata, saboda in ruwa ya taso ita ma miƙa wuya take yi ta bi shi, ko ya kai ƙirjin mutum sai ka ga kanta a sama. Gonarmu a kwari take, inda ruwa ya fi zurfi, kuma ba shinkafar da take yi a can sai ita. Ɗan abin da kwarin ya bayar a damina ta baya bai wuce cikin randar nan ba, Yaya ya liƙe ta, ya ce ko za a mutu ba mai taɓawa. Maƙwabta sun cinye nasu irin tun cikin sanyi, gidanmu suka daure. Daminar da ake jira gaba ɗayanta a cikin randar nan take. Ranar da na sauka Inna ta fasa lakar, ni kuwa ban sani ba sai bayan sati uku.

Da na shiga gida Inna ta riƙe dantsena da hannu biyu tana matsawa kamar mai taya rago, tana ta hamdala. Auta take kirana. Yaya kuwa ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce yayanka. Kafin la'asar matan unguwa sun cika tsakar gida, wai sun zo yi mini sannu da zuwa, amma tumbin suka zo gani. A garin da kowa ƙashin wuyansa ya fito, ni kaɗai ne shaidar cewa Inna ta haifi ɗan da ya samu. Larai, da yake akwai wasa tsakanin ƙanin miji da matar wa, ta ce a kira magini ya faɗaɗa ƙofar zaure, kada ƙaramin mijinta ya maƙale. Na rama, na ce ita ma ta koma sillen kara, ko Yaya ya daina ba ta abinci ne. Ta yi dariya, kowa ya yi dariya. Da magariba na tarar da Yaya yana alwala ba riga, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, na ce masa wallahi jikinsa yana ba ni sha'awa, irinsa likita yake so in koma. Ya ce Allah ya ba ni, ya ci gaba da wanke ƙafarsa. Har yau in na tuna maganar nan sai na runtse ido.

Ni kaɗai ake kai wa abinci zaure. Yaya kullum da dalili, ko ya ci a daji, ko yana azumin nafila, ko cikinsa ba daɗi. An hana yaran leƙo ni, wai kada su dame ni da surutu. Akushin farko da aka ajiye mini tuwon jar shinkafa ne malmala uku, da miyar kuka da busasshen kifi, man shanu yana yawo a kai. Ƙamshin kaɗai ya tsinka mini yawu. Na dunƙule hannuna na gwada, na yanki daidai shi, na kauce wa man, na ci na rufe. Ba a jima da ɗauke akushin ba sai ga Inna da kanta, ta zauna a dokin ƙofa da shi a cinyarta.

"Auta, namu ya yi maka baƙi ko? Ka saba da fara ta birni."

Na zaro takardar likita na shiga yi mata bayanin hawan jini da kalori. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce wannan likita ba shi da aikin yi, ya ga lafiya ya kira ta cuta. Sannan ta yi ƙasa da murya.

"Shekara biyu ban dafa maka ba. In kana mayar mini da shi haka, me zan ce wa mutane? A ce ɗana ya zo ya ƙi abincin uwarsa?"

Idonta ya kawo ruwa, ta tashi ta shige.

Mai hankali a nan zai ci rabi ya bar rabi, yadda kowane baƙo yake yi, a ɗumama wa yara da safe. Na san haka, a gidan aka haife ni. Amma rabi ya wuce dunƙulen likita, tsoron layin nan biyu ya riga ya shige ni, hawayen Inna kuma sun tsaya mini a rai. Sai na yi dabara irin ta ɗan boko, wadda za ta gamsar da kowa. Ina da wani babban gwangwanin biskit mai murfi a akwatina. Washegari na ci dunƙulena, na juye sauran a gwangwanin, na suɗe akushin tas, na tura shi bakin ƙofa. Ina jiyo Inna a tsakar gida tana gaya wa Larai cewa ya cinye, ko ƙwaya bai bari ba, na yi murmushi na ce na iya zama da mutane. Abin da na manta shi ne, a gidajenmu kwanon da ya dawo wayam cewa yake yi bai isa ba. A kwana na uku malmala ta zama huɗu. Kafin sati ya zagayo an ƙaro mini dafaffiyar shinkafa da rana. Kullum da hantsi ina jin taɓaryar Larai tana casa, ban taɓa tambayar kaina daga ina shinkafa take fitowa a garin da gero ya gagara ba.

Kwanakin duk iri ɗaya ne. Ana sallame asuba matan unguwa suke fita da ƙore, su nufi wani tafki mai nisa da bai gama ƙafewa ba, su shiga laka har gwiwa suna tsinko bado, tsiron ruwan nan da 'ya'yansa suke da ƙananan ƙwayoyi. A shanya shi, a sussuka, a niƙa, a tuƙa wani tuwo mai duhu da warin laka, wanda yake cika ciki amma ba ya riƙe shi. Shi suke ci a cikin gida, a ɓoye mini. Da na gan shi a shanye na tambaya, Inna ta ce marmari suke yi. Yaya kuma ya saɓi dagi ya bi tsagaggiyar fadama yana ƙwanƙwasa ƙasa, yana neman gaiwa, kifin nan da yake binne kansa a laka in ruwa ya janye. Wata rana ya dawo da ɗaya, wata rana ya dawo da dagin kawai. Kafin hantsi ƙasa ta ɗauki zafin da ba ta takuwa, guga in ya shiga rijiya rabinsa taɓo yake fitowa da shi. Da azahar garin sai ya yi tsit, ba kukan akuya, ba carar zakara, don an daɗe da rabuwa da su. Mutane su baje a gindin bishiya, ba barci suke ba, tattalin ƙarfi suke yi. Da la'asar kowa ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya sunkuyar.

Ni kuwa ina idar da salla sai in sa kambas da gajeren wando, in rataya jaka da gwangwanina a ciki, in duba agogo. Gaɓar kogi nake bi, kogin da ya zama yashi zalla, kwale-kwale a kife suna tsagewa a rana. Minti talatin ke kai ni wani kurmin goruba, in zagaya bayansa in juye gwangwanin a ƙasa, in juyo, minti talatin zuwa gida, ina wurga hannu ina haki. Duk wanda na haɗu da shi sai ya tambaye ni ko lafiya, ko wani abu ne ya ɓata. A wurinsu mutum ba ya sauri sai da dalili. Akwai wani tsoho, Baba Ɗanjuma, da yake zama a kan kututture a bakin gari. Kwana uku yana tambayata ina zuwa, ina ce masa ba ko'ina. A na huɗu na yi masa bayani cewa jiki nake motsawa don in gaji in yi gumi. Ya dube ni tun daga kambas har hula, ya ce in gajiya nake nema ga gonarsa can ba a yi mata shara ba, shi ƙarfinsa ya ƙare. Na bushe da dariya, na ce Baba akwai barkwanci, na wuce. Sai daga baya na gane ba wasa yake yi ba.

Kuma abin yana ci, shi ne abin takaicin. Jirin ya ɗauke. Bel ɗina ya matsa huda ɗaya, sannan biyu. Ina da ɗan littafi da nake sa alama kullum in na cika sa'ata ban wuce dunƙulena ba, kuma ba ranar da na tsallake. Inna tana kallona tana cewa zafin garin nan ne yake zuƙe ni, ta ce a ƙara man shanu. Ni kuma ina ƙissima yadda zan koma in hau sikelin gyaɗa in ba leburori mamaki.

A sati na uku, wata safiya, hadarin farko ya haɗo. Iska mai sanyi ta taso da ƙamshin ƙasa, alamar an yi ruwa a wani wuri. Na juye gwangwanina kamar kullum, na yi nisa a hanyar dawowa, sai na lura na bar murfin a can. Na koma da sauri. Ina zagayawa bayan gorubar sai na ga mace a tsugune, ƙwarya a gabanta, tana ɗaukar tuwon daga ƙasa gutsure-gutsure, tana kakkaɓe yashin da ɗan yatsa, tana sakawa a ciki. Atamfar da na kawo ce a jikinta. Larai ce.

Ta ɗago ta gan ni. Ba ta miƙe ba, ba ta ɓoye ƙwaryar ba. Na jira ta tsokane ni yadda ta saba, ko ta zage ni, da na fi son haka. Da ƙyar na iya tambayarta tun yaushe. Ta ce tun kwana na huɗu da zuwana, nan ce hanyar tafki, sai ta riƙa barin sauran matan su yi gaba. Tana wanke shi ne ta dama wa yara kunu, ta ce musu sadaka aka ba ta. Na ce to me ya hana ta faɗa.

"In faɗa wa wa? Inna, ko yayanka? Ni nake cashe shinkafar nan kullum, Habu. Daga randa ake ɗibowa."

Tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa kiran sunana gatsau ba sai ranar. Na ce wace randa, alhali na sani, randa ɗaya ce a gidan da za a faɗa haka. Ta ci gaba da tsince-tsincenta. Na zauna a yashi da farin kambas ɗina, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Da ta gama ta rufe ƙwaryar da gefen zane, ta miƙe.

"Abu ɗaya nake roƙonka. Gobe in za ka juye, ka fara shimfiɗa ganye. Yashin yana damun ƙaramar a haƙori."

Ban koma gida ba, fadama na nufa. Na sami Yaya yana haƙa, na tsaya a kansa na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya saɓi dagin. Sannan ya ce mu je. Inna ta tafi gaisuwar mutuwa a maƙwabta, muka shiga ɗakinta, ya janyo randar ya zura hannu. Randar da ya liƙe a cike har wuya, hannunsa ya shige har kafaɗa kafin ya taɓa shinkafa. Ya ce ranar da na zo sun yi gardama da Inna, ta ce baƙonka Annabinka ne balle ɗan cikinka, ɗanta ba zai ci bado a gidan ubansa ba, ruwan ma wa ya san zai zo. Shi kuma ba ya iya musu da ita, ya sakar mata.

"Kullum ina jin taɓarya ina ce wa kaina ba komai, cikin ɗan'uwana take shiga. Da can ta shiga, Habu, da ban ji ciwo ba."

Bai ɗaga murya ba. Ya mayar da randar wurinta, ya goge hannu a wando, ya ce abu ɗaya, kada Inna ta ji wannan magana, ko bayan ransa. Da yamma aka kawo akushi kamar kullum, na juye shi duka a gwangwanin na ajiye a ƙofar ɗakin Larai. Washegari na ce an aiko daga ofis ana nemana, na bar garin da saura sati guda a hutuna.

A Kano na yi abin da mai albashi ya iya. Na sayi buhunan gero na aika. Na shiga kasuwa ina neman Mai-wuya, ba wanda ya taɓa jin sunanta. Wani ɗan kasuwa ya nuna mini wata fara sol, ya ce sabuwa ce, haihuwarta ta ninka ta gargajiya. Ban tambaye shi ko ta iya ruwa ba, na saya na aika, har na ɗan ji sanyi a raina. Yaya ya sa aka rubuto mini godiya. Ya watsa ragowar tamu a can tsakiyar kwarin, ya cike sauran gonar da tawa, don ba shi da wata.

Shekarar kuwa sai Allah ya saki ruwa. Aka yi ta yi kamar da bakin ƙwarya, kogi ya cika ya malalo yadda tsofaffi suka san shi. Na zo gida a ƙarshen damina. Tun daga mota na ga fadama ta zama teku, kore shar a gefe, kwaɗi suna ta kuka da rana tsaka, warin ɗanyen kifi ya dawo gari. Yaya ya ɗauke ni a kwale-kwale zuwa gona. Muka yi ta tafiya a kan ruwa fetal, sai can na hango wani ɗan zirin kore, faɗinsa bai fi filin sallar unguwa ba, Mai-wuya ta fitar da kai tana kaɗawa. Na tambaye shi ina wadda na aiko. Ya zura gorar tuƙinsa ƙasa, ya ɗago ta da wasu baƙaƙen karare ruɓaɓɓu, ya nuna mini, ya karkaɗe su suka koma. Ya ce ta tsiro da kyau, ruwa ne ya fi ta tsawo. Abin da zirin nan zai bayar kuwa ba na ci ba ne, randa zai koma, in an yi sa'a shekara uku ta cike gonar. A shekarar da kogi ya biya kowa, gidanmu bai girbi abin tuƙawa ba.

Lokacin na rame da gaske. Tun da na koma Kano abinci ya daina yi mini daɗi, ba sai na dunƙule hannu ba. Da muka dawo daga gona muka tarar da matan unguwa a tsakar gida, Larai tana gyaran kifi a gefe. Inna ta kama dantsena ta matsa, ta saki, ta ce su duba yadda Kano da likitanta suka mayar mata da ɗa. Ta juya wajen matan.

"Da bazara da ya zo, a tsakiyar yunwar nan, malmala huɗu nake tuƙa masa, kuma bai taɓa mayar mini da ko loma ba. Ni dai ban ji kunya ba a shekarar nan. Larai, ƙarya na yi?"

Larai ba ta ɗago daga kan kifin ba. Ta ce gaskiya ne, ita take ɗauko akushin. Yaya yana bakin zaure yana warware komar kamun kifi, bai juyo ba. Inna ta dube ni tana murmushi, tana jiran tawa shaidar.

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta yi shekara goma sha ɗaya a duniya bayan nan, kuma duk baƙon da ya sauka a gidan sai ta ba shi labarin, in ina nan ta kira ni in gaskata.